Gishiri a Cikin Bulo

Mai Ludayi ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har bayan ta ajiye ludayin. Shekara goma sha tara ta yi tana sayar da abinci, daga tebur ɗaya a bakin titi har ta kai ga gidan abinci mai tebur goma sha biyu da fanka huɗu. Abin da kowa ya san ta da shi harshe ne. Ba a sauke tukunya sai ta ɗanɗana, kuma in ta yamutsa fuska masu girki sun san yau akwai magana.

Hayaƙi ne ya kore ta daga kicin. Ya ci mata idanu, ya ci bango, ga itace kullum sai tsada yake yi. Ana nan wani magini da ke cin abinci a wajenta ya nuna mata bulon da ba a ƙonawa: jar ƙasa, toka, ɗan siminti, a matse a inji, a rufe da leda sati uku. Ba a sare bishiya ko ɗaya, ɗakin da aka gina da shi kuma sanyi gare shi. Ita da take biyan mai kura ya kwashe mata toka kowace safiya, sai abin ya shiga ranta ya ƙi fita.

Ta sayar da gidan abincin, kuma ba kowa ta sayar wa ba sai matar tsallaken titi, wadda suka yi shekaru suna ƙwacen masu ciniki suna gaisawa da kyar. Tukunya ɗaya ta riƙe, babbar. Ta sayi inji, ta kama hayar fili a bayan gari, ta ɗauki ƙaninta aiki. Dangi suka ce ta haukace, kuma ban ga laifinsu ba, don ko a filin ba ta bar halinta ba. Duk motar ƙasar da aka kawo sai ta lakato ta kai baki. Direbobi har tsokanarta suke yi, suna tambaya ko a kawo mata cokali.

Shekara biyu bulo yana zaune yana kallonta. Mutane su zo, su ƙwanƙwasa, su yaba, su tafi su sayi na siminti. Ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da firij. Sai a shekara ta uku maginin nan ya zo da aikin gaske: ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibiti, bulo dubu takwas. Ya ce in wannan ginin ya tsaya, ba za ta ƙara roƙon kowa ya saya ba.

A satin ne kuma maigidanta ya kwanta ciwo. Kwana ashirin da shida ta yi tana jinya, ƙaninta na riƙe da fili. Ranar da ta dawo, ana gobe mota za ta zo ɗaukar bulon, ta tarar da bulo a jere, gwanin sha'awa. Ta ɗaga leda, sai ta ga wani farin gari-gari a gefen wasu. Ta goga yatsa ta kai baki. Ta juya wajen ƙaninta.

"Ina ka samo ƙasar nan?"

"Yaya, tsohon ramin fa an rufe shi, gidaje za a yi a wurin. Na samo wani a can gangare, har ya fi sauƙi."

"Ka ɗanɗana?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ni akuya ne?"

Ba ta yi dariya ba. Gishiri ne, kuma ta san aikinsa a bango: ya ja damshi, ya cinye bulo ta ciki, waje yana nan lafiya lau. Shekara biyu, uku, sai ginin ya fara zuba. Ta bi layi-layi tana lasa kamar mahaukaciya, ko Allah zai sa a samu na kirki. Duk ɗaya ne. Ta jawo babbar tukunyar, ta cika da ruwa, ta jefa bulo ɗaya, ta zauna a gabanta tana addu'a harshenta ya yi ƙarya ko sau ɗaya a rayuwa. Kafin yamma gefunan bulon sun fara narkewa kamar tsohon sabulu.

Ƙanin ya durƙusa kusa da ita. "Yaya, wa zai sani? Za a shafe shi da siminti. In ma ya lalace, nan da shekara nawa? Ga maganin maigida, ga hayar fili. Ba mu da komai fa sai wannan."

Gaskiya ya faɗa, kuma kada wani ya ce zuciyarta ba ta raya mata ba. Ta raya mata sosai. Da safe maginin ya zo da mota, masu lodi suka fara ɗiba, tana tsaye tana kallo har aka ɗora layi biyu. Tsoro take ji, tsoron talauci. Sai maginin ya ce, cikin raha, gadajen masu jego a jikin bangon gabas za a jera su, don sanyin bulonta.

"Ku sauke," ta ce.

"Me ya faru, Hajiya?"

Ta miƙa masa ɓallin bulo. "Lasa."

Ya dube ta, ya dubi masu lodi, ya lasa. Ya tofar. Sannan ya ce shi ba zai iya jira ba, damina ta kusa, na siminti zai saya. Ya yi mata godiya, motar ta juya wayam. Ƙanin ya shiga rumfar inji yana kuka, ita ko hawayen ma sun ƙi zuwa.

Ta zubar da ruwan laka, ta wanke tukunyar tas, ta ɗora a kai. Ta ƙofar baya ta shiga tsohon gidan abincinta, inda ake shigo da itace. Hayaƙin yana nan yadda ta bar shi. Matar tsallaken titi ta dubi tukunyar, ta dubi ƙafafunta da suka yi ja da ƙasa, ba ta tambaye ta komai ba.

"Mai Ludayi, kin zo a daidai. Miyar nan tun safe take ba ni wahala, zo ki ji mini."

Ta karɓi ludayin. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta sake kurɓa. Ba abin da take ji sai ɗanɗanon bulonta.

"Ba ni ruwa in kurkure baki tukuna," ta ce. "Kuma in akwai wuri, gobe ma zan zo."