Gurbin da Muka Bari Babu Suna

Akwai wani abu da ya faru da ni a farkon aikina wanda ba na jin zan manta da shi, ko da yake ba zan rantse cewa kowace magana haka ta fito daga bakin mai ita ba. An kwana biyu, kuma ƙwaƙwalwa takan yi wa mutum kwaskwarima.

Bayan na gama jami'a, an tura ni wani ƙaramin laburare a wani gari tsakanin Bici da Makoɗa. A lokacin ake kwashe bayanan littattafai daga kati ana zuba su a kwamfuta, kuma ƙa'ida ta sauya. A kwas ɗin da aka yi mana a Kano an nanata cewa abin da ka gani a jikin littafi shi za ka rubuta. In ka samo bayani daga waje, sai ka faɗi wanda ya ba ka. Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure, sai na riƙe wannan gam.

Muna da wata waƙa ta ajami, rubutun hannu, a kan taurarin damina da lokutan shuka. Iyalan wani malami da ya daɗe da rasuwa ne suka kawo ta ajiya. Tsohon kati ya ce malamin ne ya yi ta, amma na duba takardun ciki da bai, ban ga suna ba. A ƙarshe dai an rubuta "bawan Allah mai neman gafara". Sai na bar gurbin marubuci a buɗe.

Wata rana jikan malamin, wani Alhaji mai harkar hatsi a Dawanau, ya zo da 'ya'yansa don su ga sunan kakansu a kwamfuta. Ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Malam, ina sunan?"

Na yi ta kame-kame ina bayanin ƙa'ida.

"Kakan nawa ne ba a sani ba? Ko jakunan garin nan sun san shi. Ko ka sa suna, ko ka ba ni kayanmu."

Waƙar nan ita kaɗai ce rubutun hannu da muke da shi, kuma in ta bar wurinmu, ina jin gara ce za ta gaje ta. Na ce ina buƙatar shaida. Ya ce in hau mota.

Muka tarar da gwaggonsa, 'yar malamin da ta rage, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ina karanto baiti na farko ta karɓe, ta yi ta zubo waƙar da ka, hannunta bai daina aiki ba. Ta ce tana yarinya ita ke dama masa tawada. Na ji sanyi a raina, na zaro biro.

"Kada ka rubuta shi," in ji ta.

"Haba Gwaggo, ai don haka muka zo," in ji Alhaji.

"Kai kuma, ɗan buhu, me ka sani? Da ya kai ƙarshe tawada ce ta ƙare masa? Cewa ya yi wanda ya amfana ya yi wa mai ita addu'a, Allah ya san ko wane ne."

Alhaji ya ce to shi ke nan, a mayar masa da takardun. Na rasa wanda zan bi. Cikin ɗari-ɗari na ce akwai wani gurbi na ƙarin bayani, inda ake sa sunan wanda ya ba da shaida.

Ta ɗago kai. "To sa nawa. Ni ba waliyyiya ba ce, ina so a san da ni. Ka ce wance ta ce mahaifinta ne ya yi, kuma shi ya hana a ambace shi."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai duk ƙasar nan babu wanda bai san 'yar wane ce ita ba. Haka na shigar, kuma waƙar tana wurinmu har yau.

Ban tabbata kowane masani zai yarda da abin da na yi ba. Amma na koyi cewa ba kowane gurbi ne aka bari don rashin sani ba, kuma kafin ka cike shi, ya kamata ka tambayi masu shi. Waɗanda suke wurin a ranar, in na kauce a wani wuri, don Allah su aiko min da gyara.