Askar da Ungozoma Ta Ƙi Karɓa

Duk sanda na ji ƙamshin man kaɗe, sai in tuna ranar da innata ta kusa tafiya ta bar mu. A Beji muke, lokacin kaka, doya jibge a kowane tsakar gida.

Inna ta kwana tana naƙuda, har rana ta take ba labari. An ba ta rubutu ta sha, an kwance mata kitso, shiru. Ita kuwa ko nishi ba ta yi da ƙarfi, wai kunya. Kunyar banza, in kun tambaye ni.

Ungozomarmu wata tsohuwar Bagwariya ce, 'yar coci, amma duk yaran unguwa a hannunta muka faɗo. Ta shafa wa inna man kaɗe a ciki, ta daɗe tana lalube. Sai goggona, yayar babana, ta miƙo mata aska.

"Gishiri ne ya tare hanya. Yanke shi, Iya."

Yankan gishiri, in ba ku sani ba, tsaga ce ake yi wa mace a gaba, wai a buɗe wa ɗa ƙofa. Na san matan da tun daga ranar fitsari bai sake tsaya musu ba.

Tsohuwa ko kallon askar ba ta yi ba.

"Ɗan nan a gicciye yake. Ko na kwana ina yanka ba zai fito ba. Minna za mu, a yi mata aiki."

"Mijinta yana gona. Wa ya ba da izini?" in ji goggo.

"In ya dawo ya sake ni," in ji tsohuwa, tana gyara ɗaurin zane.

Ita da kanta ta tsaya a tsakiyar titi ta tare motar doya. A kan doyar aka shimfiɗa inna. Daga baya inna ta ce ungozomar asibiti tana taɓa cikin, ba ta tsaya faɗa ba, ta ruga kiran likita.

Inna ta dawo da ɗinki a mara, da ƙanena a hannu. Goggo ta taɓe baki, ta ce wannan ai ba haihuwa ba ce, ciro wa raguwa aka yi.

Yanzu ina unguwar Dutsen Kura a Minna. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau ina jin mata suna wannan magana, ga asibiti a bakin ƙofa. Ba na raga musu. Nakan gaya musu, ranar da goggo ta rasu, wanda aka ciro ɗin nan shi ya shiga kabari ya karɓe ta.