Ruwan da Ya Yada Zango a Hanya

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen sanyi, ina 'yar shekara takwas, lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne. An idar da sallar Asuba ke nan Baba ya gangaro da babur ɗinsa daga tudun Nakkasa, unguwarmu a Makka, yana tura shi a kashe don kada ya tashi maƙwabta, ni kuma ina biye da shi ina jan jarkar Zamzam da ƙyar. Da babur ɗin nan yake raba tamis, burodin nan mai faɗi, a shagunan unguwar Misfala. Ranar ya cire akwatin burodin, ya ɗaure jarkar a kwance a wurinsa, ya ɗora ni tsakaninsa da ita. Tun a gida Umma ta toshe bakin jarkar da leda kafin ta murɗa murfin, sannan ta kama kunnena ta ce, "Hajara, aikinki ɗaya ne yau. Moya ɗin nan ya isa yadda ya bar gidan nan." Moya shi ne ruwa a Larabcin Makka.

Wurin Goggo Rabi za mu je, yayar Baba, wadda aure ya kai wani ƙauyen masunta a bakin teku, kudu da garin Shu'aiba. Ciwo ya kwantar da ita, ta aiko a kai mata Zamzam ta jiƙa likkafaninta. Haka tsofaffinmu suke yi: su sayi farin yadi tun da ransu, su jiƙa shi da Zamzam, su shanya, su ninke su ajiye a ƙasan akwati. Ni na bi layin ruwan ranar Laraba bayan makaranta, shi ya sa na kafe da kuka sai an tafi da ni, kuma a gidanmu an san kukana ba ya ƙarewa da rarrashi.

Baba ba ya son babban titi saboda manyan motoci, don haka muna barin gari ya yanki hanyar tsakuwa. Ni da ban san komai ba sai duwatsun Makka da matakalar unguwarmu, sai ga ƙasa shimfiɗe, ruwan sanyi ya bar mata ciyawa shar. Muka wuce gonakin gero da na kankana, da raƙuma masu kallon mutum kamar ya zo roƙo, da yara suna bin mu da gudu ba takalmi. Baba, wanda a gida magana sai an matsa masa, sai ga shi yana rera wata waƙar Sakkwatanci ta mahaifiyarsa, iska tana kwashe rabinta.

Da ya tsaya ƙara mai a wata bukka, ƙishi ya dame ni. Na murɗe murfin na kurɓa, iska ta ɗauke ledar Umma, na mayar da murfin haka nan. Muka ci gaba, babur yana tsalle a kan tsakuwa, na rinƙa jin sanyi mai daɗi a bayana. Har godiya nake yi wa iskar teku. Sai da muka tsaya a wata gona tambayar hanya, mai gonar ya ja Baba inuwa shan gahawa, na taɓa jarkar na ji ta fayau. Abin da ya rage bai wuce na ƙasan gindi ba. Ga injin ban-ruwa yana feshi a bayan rumfa, ga Baba ya ba ni baya. Na kwance jarkar, na cika ta fal, na ja ta na mayar, na ɗaure da igiyar yadda na iya.

Sauran tafiyar ban more ta ba ko kaɗan. Mun shiga ƙauyukan bakin ruwa, jiragen kamun kifi a kife a kan yashi, an shanya raga, warin kifi ko'ina, Baba yana nuna mini teku a karo na farko a rayuwata, ni kuwa abu ɗaya nake gani: za a binne Goggo cikin yadin da aka jiƙa da ruwan kankana, mala'iku za su gane, kuma za su tambayi wa ya kawo.

Mun same ta a kan tabarma a gindin bango, ta rame, amma idonta ras. Bayan gaisuwa ta sa aka zuba mata a kofi, ta fuskanci alƙibla, ta yi bisimilla ta kurɓa sau uku. Wanda ya tashi a Makka ba a yi masa wayo da ɗanɗanon Zamzam. Ta juya ruwan a baki, ta dubi rigata da ta bushe da shatin jiƙa, ta ce, "Wannan ruwan ya yada zango a hanya." Nan take na fashe da kuka, na zayyane komai, har da ledar. Baba ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya fara lissafin komawa Makka ya sake ɗebowa.

"Zauna, Ali, kalas, ya isa," in ji Goggo. Ta nuna randar da ke lungu. "Shekara talatin ina ƙauyen nan, kana zaton da me nake shan Zamzam kullum? Kofi ɗaya nake zubawa a randa in cika da na rijiya. Ba ku ji an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba?" Ta jawo ni jikinta ta tambayi ko akwai saura lokacin da na cika. Na ce akwai. Ta ce to, ɗauko baho, ya binti, wato 'yata.

Ni da ita muka jiƙa yadin, muka shanya shi a igiyar raga. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na ranar ba. Na ci soyayyen kifi har Baba ya ce in bar wa teku saura, na shiga ruwa da rigata, a hanyar dawowa kuwa ni ce mai waƙar, har muka hango fitilun Harami da magariba.

Goggo ta warke, ta ƙara shekara goma sha ɗaya. Yau an rushe tudunmu na Nakkasa, muna unguwar Ka'akiyya, Zamzam kuma a rufe yake zuwa daga ma'aikata, murfinsa ko a kife ba ya ɗiga. Ranar da ta rasu na je a mota da irin wannan jarkar, a raina zan gyara tsohon laifina. Matan ƙauyen suka karɓa suka ajiye gefe. Suka ce ta bar wasiyya kada a sake jiƙa yadin, wai wanda ta yi da Hajara ya ishe ta.

A cikinsa aka rufe ta. Ni kuma na dawo da jarkata Makka ko buɗe ta ban yi ba.