Direban Kamiyo da Mai Tsalle

Makon jiya na shiga wani shagon gwanjo a kan titin Gate City Boulevard, a nan garin Greensboro, ina neman fitilar tebur, sai na tarar da mai shagon yana gwada wata tsohuwar na'urar bidiyo. Ya danna maɓallin mayar da kaset baya, ta fara wannan gurnanin nata mai hawa sama-sama kafin ta tsaya da ƙas. Na yi tsaye da fitila a hannu. Da wannan ƙarar na girma. In na dawo daga makaranta, tun daga matakala nake jin ta, in san Kaka yana nan zaune inda muka bar shi da safe.

A lokacin High Point Road ake ce wa titin. Muna haya a bene na biyu, ɗaki biyu da falo. Babana yana tuƙa tasi, mamata tana aiki a wata masana'antar katifa, ni kuwa ina firamare. Kaka mahaifin babana ne. Bayan rasuwar kakata aka ɗauko shi daga Nijar don a yi masa aikin ido, da niyyar in an gama ya zauna tare da mu. Ya iso lokacin da ganyaye ke yin ja suna zuba. Ya daɗe yana kallon su ta taga, sannan ya tambayi babana wace cuta ce ta kama itatuwan garin nan gaba ɗaya.

Idon ya warke, amma babu abin kallo. Da safe kowa ya fice, a bar shi da agogon bango. In ya fito baranda ya yi wa maƙwabci sallama, sai a ɗaga masa kai a wuce. Ranar Juma'a kaɗai yake ganin masu jin yarensa, su ma ana idar da salla kowa ya ruga wurin aiki. Yakan dafa shayi a 'yar butarsa da ya zo da ita, ya jera ƙananan kofuna kamar mai jiran baƙi, ya shanye shi kaɗai, ya wanke su duka.

Kaset ɗin da yake yini yana kallo, babana ne ya samo masa. Tsohon fim ne na Turawa, na leƙen asiri, launinsa duk ya koɗe. Wani jarumi mai farar kwat yana bin wata jaka ƙasa-ƙasa, ana harbinsa yana tsira. Wani yanki na fim ɗin a garinmu na Nijar aka ɗauke shi, can bakin hamada, lokacin Kaka yana sabon ango yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya. Turawan suka ɗauke shi aiki, yana yi musu jigilar fitilu da igiyoyin wuta da gangunan ruwa.

Kaka bai taɓa kallon fim ɗin daga farko ba, kuma bai damu da yadda ya ƙare ba. Wurin kasuwa kawai yake so. Jarumin yana kutsawa cikin jama'a yana waige-waige, shi kuwa Kaka sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana nuna waɗanda ke baya.

"Amarya, zo ki gani," haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. "Wannan mahaucin unguwarmu ne, bai taɓa cika ma'auni ba. Wancan mai gishirin, tare aka yi mana kaciya."

Sai wata mace doguwa ta gifta da ƙwarya a ka, ba ta ko kalli Baturen ba. Kafin ka ƙifta ido ta wuce. A nan Kaka yake danna maɓalli, kaset ya koma baya. Kakata ce. Ban taɓa ganin ta a raye ba, amma na san tafiyarta.

A wurinsa na ji labarin waɗanda ba a gani a hoton. Akwai mai ba da umarni, wanda rana ta mayar da fuskarsa kamar jan barkono, yana ihu ta cikin wani ƙaho. Akwai matar da ke kula da tufafi, wadda ta ɗinka sababbin riguna masu kyau sannan ta sa aka tumurmusa su cikin ƙasa don su tsufa, abin da har ya mutu Kaka bai yafe mata ba. Akwai mai ɗaukar sauti da doguwar sandarsa, wanda ya roƙi sarkin kasuwa ya hana jakuna kuka. Shi kuwa jarumin, in ji Kaka, yini yake ƙarƙashin laima ana yi masa fifita, kuma ko raƙumi ya yi atishawa sai ya zabura.

Amma wanda ya fi ambata shi ne mai tsalle. Wani Bature ne da ake sa wa farar kwat irin ta jarumin, ya yi duk abin da zai iya kashe mutum. A fim ɗin akwai inda jarumin ya diro daga kan soro zuwa bayan kamiyo tana cikin tafiya. Mai tsalle ne ya diro, Kaka ne ke tuƙi. In ya yi sauri mutumin ya faɗi ƙasa, in ya yi jinkiri ya faɗo kan ƙarfe. Sun yi kwanaki suna gwadawa, ba mai jin yaren wani. Da hannu suke magana, sai 'yan kalmomin da Kaka ya koya masa: sannu da aiki, da kuma kaɗan-kaɗan, wadda mai tsallen yake faɗa in yana so a rage gudu. Manya suna cin abinci a tanti, shi kuwa sai ya zo inuwar mota ya sa hannu a kwanon direbobi. Ranar da aka ɗauka ya diro daidai, amma ƙafarsa ta gurɗe. Kaka ya goya shi har gida, kakata ta dama masa fura.

A allon, bayansa kawai ake gani, da gwiwar hannun Kaka a tagar mota.

Wata rana muna cin tuwo Kaka ya ce wa babana, "Mai tsallen nan ɗan ƙasar nan ne. Tunda Allah ya kawo ni garinsu, ya kamata in je in gaishe shi."

Babana ya ajiye cokali a gajiye. "Baba, nan ba kamar gida ba ne da za a tambayi mai shago a nuna maka ƙofa. Ƙasar nan faɗi gare ta. Wa ya sani ma ko yana da rai?"

Kaka bai sake tayar da maganar ba. Sanyi ya shigo, rana tana faɗuwa tun kafin in gama aikin makaranta. Ya daina fita baranda. Ya rage cin abinci, riga ta fara yi masa yawa. Mamata ta yi ta canza masa miya, ba ta ga canji ba. Na ji tana ce wa babana a ɗaki, "Tsohon nan ba ciwo ke cin sa ba."

Akwai wata dattijuwa a ɗakin karatu na unguwarmu da ta saba da ni. Na ba ta labarin, na faɗa mata sunan mutumin yadda bakin Kaka ya lanƙwasa shi. Ba ta yi dariya ba. Ta sa na maimaita, ta ce in ba ta lokaci. Sai da bazara ta zo, lokacin da ƙurar furanni ke mayar da motoci rawaya, sannan ta kira ni gefe ta ce ta samu 'yarsa. Babana ya buga wa 'yar waya. Ta ce mahaifinta yana gidan kula da tsofaffi can yammacin ƙasar, tunaninsa ya soma gushewa, wani lokaci ita kanta ba ya gane ta. Ta ce a gwada, amma kada mu sa rai.

Aka sa ranar Lahadi bayan azahar. Kaka ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Salla da hula, ya fesa turare, duk don wayar da ke kan tebur. Babana ya buɗe sautin don kowa ya ji. Ni aka sa tafinta, da Hausata mai ɗingishi.

"Gaya masa direban kamiyo ne," in ji Kaka. "Ki tambaye shi ya ƙafa."

Na faɗa da Turanci. Muka ji 'yar tana maimaita masa a hankali. Babu amsa, sai numfashi, da ƙarar talabijin daga nesa. Na sake faɗa. Babana ya sunkuyar da kai. 'Yar ta fara ba mu haƙuri.

Sai Kaka ya ture hannuna, ya sunkuya kan wayar, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kasuwa. "Sannu da aiki!"

Har na ɗauka layin ya yanke. Can sai wata murya mai rawa ta fito, da harshen da bai saba ba. "Kaɗan-kaɗan."

Kaka ya bugi cinyarsa. Ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Daga can ma dariya ce, da tari, sannan muryar ta sake cewa, "Kaɗan-kaɗan." Haka suka yi ta yi, wannan ya faɗi tasa, wancan ya mayar. Ba su bukaci tafinta ba. Har yau ban san ko ya tuna Kaka ba ne, ko kalmar ce kawai ta rage masa. Kaka dai bai yi shakka ba.

Da aka ajiye wayar ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce wa babana, "Na gaishe shi. Yanzu ka mayar da ni gida."

Babana ya kawo maganar likita, ya kawo maganar wanda zai kula da shi, har ya sa manyan masallaci suka zo lallashi. Kaka ya saurare su, ya ba su shayi, bai canza ba. Da lokacin zafi ya zo, ya tafi. A filin jirgi ya dafa kaina ya ce in riƙe Hausata da kyau, kada ta zube a hanya.

Da sanyi ya zagayo 'yar mutumin ta kira ta ce mahaifinta ya rasu. Babana ya sayo katin waya ya buga shagon da ke kusa da gidanmu na can, aka je aka kira Kaka. Ya saurara, ya ce, "Allah sarki. To, duk wanda ke kasuwar nan ran nan ya tafi. Saura ni." Bayan damina shi ma ya bi su. Kafin labari ya iso mana an riga an kai shi.

Yanzu Hausawa sun yi yawa a Greensboro. Akwai shagunan da za ka sayi kuka da daddawa, kuma ko tsohuwa tana da waya a hannu tana ganin jikokinta na Maraɗi ko Kano. Duk da haka yinin tsoho a nan bai rage tsawo ba. Babana ya ajiye tuƙi, mamata ta rasu, yana zaune a gidan da suka saya a Pleasant Garden, mai faɗin fili, inda ba wanda ke wucewa da ƙafa. Yana zama a baranda yana ɗaga wa motoci hannu. Ranar da ba ni da aiki nakan kai masa miya, in zauna kaɗan, in ce yara na jira. Zuwana na ƙarshe na miƙe ina neman makullin mota, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki bari a yi magariba mana."

Na mayar da makullin cikin jaka, na jawo kujera kusa da tasa.