Layukan Sun Haɗu, Malama Leokadia

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ƙararrawar cocinmu na Jodlanka ta yi bugun nan mai ja wanda kowa ya san ma'anarsa. Ina layi a shagon burodi aka ce Pani (wato Malama) Leokadia Sowa ce ta cika a gidanta, tana da shekara saba'in da tara, 'yarta Jadwiga na riƙe da hannunta. Matan da ke gabana suka yi alamar gicciye. Ɗayarsu ta waiwayo ta dube ni, sannan ta kau da kai. Na fita ban sayi burodin ba.

Malama, akwai ɗaruruwan mutanen da suka fi ni cancantar rubuta miki ta'aziyya. Ni kuwa na ɗauki alƙalami ne domin akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tun kina da rai, na yi shekara biyar ina tsallaka titi don kada in faɗe ta.

Shekara talatin da shida kika yi kina koyar da lissafi a makarantar ƙauyen nan. Babu gidan da babu wanda ya bi ta hannunki, daga direban bas har limamin cocin da zai sallace ki. Kina da rula ta katako wadda ba ki taɓa dukan kowa da ita ba, amma mun fi jin tsoronta fiye da bulala. Idan yaro ya yi kuskure sai ki ɗora bakinta a kan wurin. Ni da nake da gaggawa kamar zan tashi sama, kullum abin da nake ji shi ne, "Witek, duba da kyau." A cikin kabad ɗin ajinki akwai safar hannu da huluna na sanyi, waɗanda kike cewa wasu ne suka manta da su. Sai da muka girma muka gane cewa ke kike saƙa su, domin duk zarensu iri ɗaya ne da na rigarki.

Duk zaɓen da aka yi a ƙauyen nan cikin shekara talatin, ke ce shugabar kwamitin rumfarmu da ke zauren 'yan kwana-kwana. Kikan zo da fulas ɗin shayi da kek ɗinki, kowa ya ci, ko ɗan wace jam'iyya ne. Har yau ana ba da labarin ranar da marigayi mijinki ya zo jefa ƙuri'a ya manta da katin shaidarsa. Ya ce, "Haba Lodzia, ni ne fa, yau da safe kika dafa mini ƙwai!" Kika ce, "Ni na san ka, har na gaji da saninka. Doka ce ba ta san ka ba. Koma gida." Ya hau kekensa yana ƙunƙuni, zauren ya ɗauki dariya. Irin matar da na ce ta yi maguɗi ke nan.

A zaɓen 'yan Majalisar Dattawa na shekara biyar da suka wuce, ni ne wakilin ɗan takara Pan (wato Malam) Kurek a rumfarki. Dokarmu ba ta kiran irina wakili, sunan da ta ba mu shi ne "mutumin amana", kuma haka aka rubuta a katin da na maƙala a ƙirji ina ta yawo da shi kamar zakara. Da aka haɗa sakamakon mazaɓa baki ɗaya, abokiyar takararsa Dakta Zaremba ta wuce mu da ƙuri'a talatin da ɗaya, cikin fiye da dubu ɗari. Washegari lauyan Pan Kurek ya tara mu. Kowa a ƙasar nan ya san ƙa'idar: ƙuri'a ba ta ƙirguwa sai layi biyu sun gitta juna a cikin ɗan gurbin da ke gefen sunan ɗan takara. Lauyan ya dafa kafaɗata, ya kira ni da cikakken sunana ya ce, "Pan Witold, ƙauyenku ai na tsofaffi ne, hannu na rawa, ido ya yi rauni. Kar ka ce mini duk layukansu sun haɗu." Kafin in fita ya ƙara da cewa ofishin sanata zai buƙaci mutum mai kaifin ido.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na sa hannu a takardar ƙara cewa kin ƙirga ƙuri'u goma sha bakwai da suka lalace. Da a nan na tsaya da ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa idonki ya mutu, kuma kina rera waƙa a coci tare da gwaggon Dakta Zaremba. Wannan ba lauya ne ya sa ni ba, ni na ƙirƙira, kuma har na ji daɗin yadda jimlar ta zauna. Jaridar gunduma ta buga maganar da hotonki. Sunan da kika yi shekara hamsin kina ginawa, shi na kai kasuwa.

Kotu ta ba da umarnin a buɗe buhun rumfarmu. Wata safiya a watan Nuwamba muka hallara a babban gari, alƙaliya na tsakiya, ke kina gefe da baƙar rigarki ta zuwa coci da rularki a jaka, ni ina ɗaya gefen kusa da lauya. Aka riƙa fito da takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowacce na ce layukan ba su haɗu ba. Har aka zo ta tara.

A nan sai na yi bayanin mahaifina, Feliks kafinta, ga waɗanda ba su san shi ba. Ciwon rawar jiki ya kama shi tun shekaru, ko cokali ba ya kai wa baki cike. Ranar zaɓe ni na kai shi a mota, na ce bari in shiga in taimaka masa. Ya ture hannuna ya ce, "Hannun nan shi ya yi rabin ƙofofin garin nan. Ba zai gagara zana layi biyu ba." Yana da yadda yake sa alama a katako inda zai yanka: ya fara ɗiga ɗigo, ya ja dogon layi daga ɗigon, sannan ya sare shi da gajere. A kan wannan alamar na buɗe ido, tana jikin kowane katako na gidanmu.

Ita ce a takarda ta tara. Ga ɗigon, ga dogon layin yana karkarwa har ya fice daga gurbin, ga gajeren ya taho da ƙyar ya taɓa shi a can lungu. Kuma a gefen sunan Dakta Zaremba yake. Ƙuri'a sirri ce, babu suna a jiki, amma ni na san mai ita, ke ma kin sani, domin shi ya yi miki kabad ɗin nan na safar hannu.

Kika fito da rular, kika ɗora bakinta a lungun. Ba ki dubi alƙaliya ba, ni kika duba.

"Witek, duba da kyau."

Na duba. Na ga sun haɗu. Lauya ya taɓa ni da gwiwa a ƙarƙashin tebur, haushin tsohon da ya ƙi ɗan takarar ɗansa kuma yana cina. Na buɗe baki na ce, "Ba su haɗu ba."

Kika mayar da rular jaka. Alƙaliya ta sa gilashin ƙara girma ta daɗe tana dubawa, ta ce ƙuri'ar lafiyarta ƙalau. Cikin goma sha bakwai ɗin, sha shida suka tsaya. Ɗayar da aka soke ke da kanki kika ce kin yi kuskure a kanta, kika nemi a rubuta hakan da sunanki. Dakta Zaremba ta tafi majalisa. Pan Kurek bai sake ɗaga wayata ba, an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Kotu ta wanke ki, amma kotu ba ta zuwa shagon burodi. A can aka ci gaba da cewa ruwa ba ya tsami banza. Jaridar da ta buga hotonki a shafin farko ta ba da labarin wankewar a layi huɗu kusa da tallan taya. Da zaɓe ya sake zagayowa kika ce ba za ki shugabanci kwamiti ba, wai ƙafa ta hana. Ƙafar da kike zuwa kasuwa da ita. Kika daina waƙa a coci. Ni kuwa idan na hango ki ta wajen gidan waya sai in tsaya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Abin da ya fi komai dukana shi ne ba ki daina zuwa gidanmu ba. Tun rasuwar mahaifiyata kike kawo wa Baba romon kaza ran Lahadi, kuma ko sati ɗaya ba ki fasa ba. Nakan shige ɗakin aikinsa in rufe ƙofa har ki tafi. Wata Lahadi, bayan shari'ar da kamar wata guda, na ji shi ta bango yana tambayarki.

"Pani Leokadia, don Allah gaya mini gaskiya. An ce an zubar da ƙuri'un masu rawar hannu. Tawa ta shiga kuwa?"

Kika ce, "Pan Feliks, doka ba ta san ta kowa ba, ƙuri'a ba ta da fuska. Amma duk mai kyau ta shiga. Ɗanka ma yana wurin, ya duba su da idonsa." Ya ce, "To madalla, in dai Witek ya duba." Na ji ƙarar cokali, kina ba shi romo a baki.

Ba ki yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, kuma kika rufa mini asiri a gaban ubana, ni da na tona miki wanda ba ki da shi a gaban gunduma. A ranar ya kamata in fito in durƙusa. Ƙofa ɗaya ce tsakaninmu. Na zauna a kan tulin katako ina kuka kamar yaro, na bari kika tafi. Kullum ina cewa sai Ista, sai Kirsimeti, sai ranar bikin waliyyiyar da kika ci sunanta in zo da furanni. Kunya ta hana ni, kuma yanzu na gane kunyar ma son kai ce, fuskata nake tattali ba sunanki ba.

Jiya da rana, bayan na dawo daga ganin gawarki, na zauna a bakin gadon Baba na faɗa masa komai, har da takarda ta tara. Yanzu shekararsa tamanin da bakwai. Ya daɗe yana kallon hannunsa yana rawa a kan bargo. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ni me ka rage ni da shi? Ƙuri'ata ta shiga. Ita ka ɗauke wa abu. Inda ka ɗauka, can za ka mayar."

Shi ya sa na kawo wannan rubutu ga jaridar da ta buga hotonki, na roƙi a sa shi a shafin farko. Ni Witold ɗan Feliks, wanda aka taɓa kira mutumin amana, ina shaida wa mutanen Jodlanka da gunduma baki ɗaya cewa Pani Leokadia Sowa ba ta taɓa karkatar da ƙuri'ar kowa ba. Idonta lafiya lau yake. Maganar waƙar coci ni na ƙaga. Duk wanda ya taɓa maimaita zancen a shago ko a bas, daga bakina ya samo shi, nauyin yana kaina.

Pani Jadwiga, da ɗan'uwanki Pan Miron, da jikoki, ina miƙa muku ta'aziyyata da ta mahaifina. Gobe, ranar binne ta, zan tsaya a can baya a coci. In kun ga bai dace in raka ta makabarta ba, ku aiko a faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa ku gaji gaskiyarta.

Ya Ubangiji, ka ba baiwarka Leokadia hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka mata, ka gafarta mata kurakuranta kamar yadda ta rufa wa wasu nasu. Ka sa ƙasa ta yi mata sauƙi. Amin.

Malama, na duba da kyau. Layukan sun haɗu.