Shukar da Baba Ya Shanya a Rana

Wata Alhamis a ƙarshen zafi, ina aji uku a firamare, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Gubaira a Riyad rungume da tukunyar shuka, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ganyen ciki duk ya ƙone, ya nannaɗe. Inna ta leƙa, ta ce, "Malam, wannan busasshen gwazan fa?"

Ba gwaza ba ne. Hosta ake ce mata, ɗiyar wata tsohuwa da Baba ke kula wa da lambu a unguwar Malaz ce ta kawo ta daga ƙasar sanyi. Ganyenta fala-fala, kore shar da farin baki, tana zaune a inuwar bango ƙarƙashin itacen lemo, inda rana ba ta leƙawa. Tsohuwar ita ce kafilar Baba, mai tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a hannunta take, tamu kuma rataye da tasa. Da za ta tafi wajen 'yarta na wata huɗu, wannan shukar kaɗai ta nuna masa da sanda.

To Baba manomin gero ne daga Damagaram. Da ya ga ganye ya fara rawaya, sai ya ce ai rana ta rasa, wace shuka ce ke ƙin rana? Ya ɗauke ta ya ajiye a tsakiyar fili. Kwana biyu ranar Riyad ta gama da ita.

Ni aka ɗora wa jinyarta, don ni ce mai rawar kai a gidan. Muka tura ta ƙarƙashin matakala kusa da tankin ruwa. Kullum in na dawo makaranta, kafin in cire takalmi, sai in tsoma yatsa a ƙasar. In ta bushe in zuba ruwa rabin kofi, in jera ƙanƙara a bakin tukunya. Ƙawayena na gala-gala a lungu suna kirana, ina tsugune gaban tukunyar da babu komai a cikinta, suna yi mini tsiya wai ina renon ƙasa. Inna kan ce, "Ki bi ta a hankali, Hadiza, maijego ce." Baba kuwa ko kallon wajen ba ya yi. Na taɓa jinsa yana tambayar kuɗin jirgin Zinder, ranar kasa cin abinci na yi.

Sanyi ya zo ya wuce. Wata safiya na tsoma yatsa, sai wani abu ya soke ni: tsiro uku masu tsini, a naɗe kamar tabarma. Na ruga da gudu babu ɗankwali, na kirawo Baba. Baba ya durƙusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har da hawaye.

Da tsohuwar ta dawo, bai ɓoye mata komai ba. Ita ma dariya ta yi, ta ce ai duk shekara haka take zubar da ganye ta yi barci, rawayar nan ba ciwo ba ce. Satin nan aka sabunta iƙama, muka ƙara shekara goma sha ɗaya tare a Gubaira.

Yanzu ina unguwar Al-Shifa, a bene na huɗu, babu ƙasa babu inuwa, 'ya'yana sun fi jin Larabci. Baba ya koma gonarsa ta gero. In mun yi waya yakan tambaya ko ina da abin da nake ba ruwa, in ce a'a. Ina kewar lokacin da zaman gidanmu duka yake a ƙarƙashin yatsana.