Ƙishirwar Ɓauna da Ƙafar Talatu

Shekara shida ke nan da muka binne Kaka Lami, mahaifiyar babana, amma sai bana na san abin da muka binne.

Ƙauyenmu yana bayan Kuje, ruwan shanmu marmaro ne a gindin dutse, Kaka ce mai tsaronsa. Mata su ɗiba da safe a kwarmin sama, Fulani su shayar da rana a na ƙasa, in la'asar ta yi kowa ya bar wurin, lokacin namun daji ne. Na taɓa ganin ta koro matar mai unguwa da tulunta wayam bayan la'asar. "Ke 'yar nan, koma gida. Gada ba ta da rijiya a gidan ubanta."

Bayan rasuwarta aka fara zancen kawo babban birnin ƙasa yankinmu. Baffa Bawa, ƙanen babana, ya ce abin kunya ne baƙi su tarar muna shan ruwa ɗaya da birai. Aka sare itatuwan bakin ruwa, aka ɗaure marmaron da siminti, aka toshe kwarmin ƙasa. Fulani suka tashi. Namun daji fa, ina za su?

Kwanan baya ni da ƙanwata Talatu muka je ɗibar ruwa da hantsi, muka tarar da ɓauna tana lasar danshin siminti. Talatu ce a gaba, ita ɓaunar ta tunkuya. Yau tana kwance a asibiti, likita bai ce za ta sake takawa ba. Ni kuwa ko saniya ta yi huci sai tulu ya suɓuce mini.

Maza suka harbe ɓaunar, har aka aiko mana da kason nama. Baffa ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta kwaɓa simintin, Baffa? Da Kaka na nan, da naman nan a ƙofarka za ta watsar. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, sai dai kai ka ƙi ji, Talatu ta gani.

Kaka ba ta bar gona ba, ba ta bar ko hoto ba. Mata ta bari. Shekaranjiya Innarmu da matan maƙwabta suka ɗauki taɓare suka fasa toshiyar, ruwa ya gangara. Baffa ya rantse sai ya kai su gaban alƙali.

To, bari ya kai. Ya haɗa da ni, taɓarya ɗaya a hannuna take.